Sabulun da Na Liƙa a Murfin Tanki

Tun kafin motar ta fara tari, ni tarin 'yata Ummi ne ya hana ni sukuni. Watanta bakwai a lokacin, kuma in tana barci ƙirjinta yakan yi wata 'yar ƙara, kamar ana busa usur a cikin tulu. Na kai ta asibiti, aka ce in raba ta da hayaƙi da duk wani abu mai wari. To, ni da sana'ata wankin kafireto ce, hannuna kullum yana cikin fetur, ta ina zan fara? Nakan wanke hannu da toka da lemun tsami kafin in ba ta mama, in sansana, in koma in sake wankewa. Duk da haka in ta yi tari sai in ce ni ce.

Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Samarin da ke kawo mini aiki yanzu su ne suka sa na ɗauki biro. Wani zai tsaya a zaure ya miƙo kafireton babur ɗinsa ya ce, "Yaya, ɗan hura mini kawai, sauri nake." Hurawa kawai! Da hurawa ce aikin, ai da mai busa algaita ya fi kowa iya kanikanci. Shekarata ashirin ina wannan aiki, kuma har gobe akwai tarin injin da in na ji sai in rasa ta inda zan kama shi.

A wurin Baba na koya. Malam Isa bakanike, garejinsa yana jikin katangar gidanmu a Azare, ƙarƙashin wata darbejiya. Ina da shekara tara idonsa ya fara rauni. Ran nan aka turo motar wani mai gyaɗa daga Hardawa, in an taka totur sai ta shaƙe kamar wanda tuwo ya sarƙe. Baba ya kwance kafireton, wato tukunyar da ke gauraya mai da iska kafin inji ya sha, ya shigo da shi tsakar gida a kan farantin tangaran na Inna. Ya zaro wata 'yar ƙusar tagulla mai rami a tsakiya, wadda ake ce wa jet, ya ɗaga ta sama ya ƙanƙance ido, bai ga komai ba. Sai ya miƙo mini.

"Hajara, duba rana ta cikin nan. Kina ganin haske?"

Na ce, "Ina gani, Baba, amma rabi ne."

"Rabin nan shi ya hana bawan Allah zuwa kasuwa."

Na ruga na ɗauko allurar Inna, ya buge mini hannu. Ya ce allura tana faɗaɗa ramin, mota ta koma shan mai kamar raƙumi. Silin gashin wutsiyar doki ya ba ni. Na zura a hankali, sai ga wani ɗan zaren tsumma ya fito, bai kai ƙwayar gero ba. Aka mayar, motar ta tashi sumul. Daga ranar farantin bai koma ɗakin Inna ba.

Kayan aikina har yau ba su wuce waɗannan ba: farantin nan, sukundireba biyu, sifana mai lamba goma, gashin kaza na share lungu, silin doki, farar kwalba, da farin ƙyalle da nake jera ƙananan kaya a kai yadda na ciro su, don kada in mayar da na hagu a dama. Sai karatun Baba, wanda ya fi kayan nauyi. Yakan ce inji abu uku yake ci, mai da wuta da iska, in ya yi tari to ɗayansu ne ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Yakan ce, "Kada ki tambayi direba, tambayi filogi. Direba yana da bakin kare kansa." Filogi in ya fito baƙi ƙirin da kunkunniya, mai ya yi yawa. In ya fito fari fat kamar toka, inji yunwa yake ji. Matsalar wuta takan yanke ne farat ɗaya, ta mai kuwa sai mota ta yi ta ja da baya, tana roƙo, kafin ta mutu.

Akwai kuma ranar da aka kawo wata babbar mota tankinta yana yoyo ta ƙasa, ba mai walda a kusa. Baba ya aike ni na karɓo sabulun wanki wurin Inna, ya murza shi da yawu har ya yi laushi, ya danna a ramin. Yoyo ya tsaya. Ya ce, "Riƙe wannan, fetur ba ya cin sabulu." Na riƙe kuwa. Na riƙe fiye da yadda ya kamata.

Da aka yi mini aure aka kai ni Katagum, da farantina na tafi. Maigidana direba ne, yana jan akori-kurar wani Alhaji Buba, yana kwasar ɗanyen kifi daga bakin kogi zuwa kasuwar Azare. Bai hana ni aiki ba. Masu babur da masu injin ban-ruwa na fadama sukan kwance kafireto su miƙo ta zaure, in wanke in miƙa musu. Ku lura da wannan: kafireto ne kaɗai ke shigowa wurina. Ban taɓa zama na bi hanyar mai tun daga tanki har inji ba. Na san tukunya, ban san rijiya ba.

Sai shekarar wahalar mai ta zo. Gidajen mai suka bushe, sai 'yan bumburutu a bakin titi da galan-galan, wani man ja, wani ruwan ɗorawa, wani kamar shayin da aka sirka. Aiki ya yi mini yawa har na rasa lokacin tsefe kai. Kowa ya kawo kafireto sai in ce ya haɗo da ɗan man da ya zuba. In na sa a farar kwalba na ajiye, in da ruwa sai ya kwanta a ƙasa kamar idon kifi. In na ɗiga a takarda, fetur na gaskiya yakan tashi ya bar ta a bushe, mai kananzir kuwa sai ya bar tabon maiƙo kamar an naɗe ƙosai. Wani manomi ya taɓa rantse mini cewa daga hannun ƙanensa ya sayi man. Na nuna masa takardar, ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, Allah ya isa tsakanina da takarda," ya tafi.

A shekarar ne ɓarayi suka fara zuƙe mai daga motoci da tiyo. Maigida ya fasa gefen dangarmu ya riƙa shigo da motar cikin gida, yana ajiye ta jikin ɗakina. Bakin tankin daidai tagar da Ummi ke kwana a ƙarƙashinta. Bazara ce, rana tana dukan ƙarfe, wari ya cika ɗaki. Wata Juma'a ya tafi masallaci, na fita na bi warin da hanci har murfin tankin. Na murɗe shi na juya, sai na ga wani ɗan rami ƙanƙane a tsakiyarsa, gefensa da danshi. Na ce a raina, ga ɓarnar, tsatsa ta huda murfi, man Alhaji yana tafiya a iska, 'yata tana shaƙa. Na gutsuro sabulu na murza, na danna ta ciki inda ba a gani, na mayar. Wari ya ragu. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Ban gaya wa kowa ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba, kamar ka ga ƙofa a buɗe ka tura. Duk Juma'a kuma nakan duba, in ya bushe in sabunta.

A cikin makon motar ta fara. Za ta tashi lafiya, ta bar gari lafiya, sai an yi nisa ta fara ja da baya, ta yi tari, ta mutu. A jira kaɗan, ta tashi kamar ba ita ba. A yi gaba, ta sake.

Maigida ya kwanto kafireton ya kawo mini. Na wanke, na duba kowane jet a rana, haske cikakke. Na ce ya kawo filogi. Fari fat. Na ce, "Yunwa take ji." Ya ce, "Yunwa kuma? Tanki a cike?" Na gwada man a kwalba, ba ruwa. Na ɗiga a takarda, ta bushe. Sau huɗu ina wanke kafireton nan, na huɗun ma ban sami ko ƙura ba, wankewa kawai na yi don kada in zauna haka.

Kanikawan tasha suka ce ba mai ba ne, wuta ce, kwail ne ke zafi, wato gwangwanin da ke ƙara wa filogi ƙarfin wuta. Suka koya masa ya riƙa ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai in ta mutu. Abin mamaki, sai dabarar ta yi kamar tana ci. Ya ɗora tsumma, ya zagaya ya buɗe tanki ya zura kara ya ga ko da sauran mai, ya dawo ya murza makulli, ta tashi. Kowa ya ce tsumma ne. Ni ma na fara cewa tsumma ne, alhali filogi yana gaya mini wani abu dabam. Aka canza kwail, aka canza famfon mai, aka busa bututun mai tun daga baya har gaba. Akwai wani ɗan kudu mai sayar da kayan mota a Azare, ana ce masa Oga Sande, an haifi 'ya'yansa a garin, Hausa a bakinsa kamar ta gado. Da maigida ya koma neman kwail karo na uku sai ya ƙi sayar masa. Ya ce, "Direba, ina son ciniki, amma ina jin kunya. Kayana lafiyarsu ƙalau. Ka kai motar nan a yi mata ruƙiyya."

Kifi kuwa ba ya jiran bakanike. Sau da dama sai an kai Azare rana ta take, kifi ya fara kumbura, masu saye su toshe hanci su wuce.

Abin da ya ƙara ɗaure mana kai, ranar da aka sami mai kaɗan motar takan yi nisa kafin ta mutu, ranar da aka cika tanki kuwa ko'ina ba ta kaiwa. Wace irin yunwa ce wannan, mai tsananta in an cika tukunya? Na kwana biyu ina juya wannan, ban gane ba. Alhaji Buba shi ya gane, ko in ce ya zaci ya gane. Ya zo zaurenmu da hantsi, ina daga ciki ina jin su.

"Direba, ni ba yaro ba ne. Duk ranar da na cika maka tanki da hannuna, ranar take mutuwa da wuri. Me ke nan? Kana zuƙe nawa ka sayar, ka cike da kananzir."

"Alhaji, wallahi tallahi..."

"Bar rantsuwa. Shekara shida kana ja mini mota ban taɓa ƙirga maka kifi ba. Gobe zan zuba mai da kaina, in shiga gaba, mu je wurin surukinka Malam Isa. Shi ba ya ƙarya ko don 'yarsa. Muna isa ka ba ni makullina, sai abin da ya ce."

Maigida ya shigo, tuwon ma bai taɓa ba. Direban da aka karɓe wa makulli a kan satar mai, a garin da kowa ya san kowa, ko keken ɗinki ba mai ba shi ya ja.

Na ce zan bi su in kai Ummi asibiti, tunda tarin bai bari ba. Da safe Alhaji ya zuba mai har baki, ya murɗa murfin da hannunsa, ya shiga gaba. Ni na hau baya na zauna tsakanin kwandunan kifi, Ummi a cinyata, daidai saman bakin tanki. Wannan ne karo na farko da na ji tarin motar da kunnena, ba a bakin wani ba. Ba mu kai Gadau ba ta fara. Ba yankewa ta yi ba, ja da baya ta yi, tana kamawa tana saki, kamar jaririn da ke tsotso nono ba ya zuwa. Na ce a raina, wannan ba wuta ba ce, ko a gaban alƙali. Ta mutu a gefen wata gonar dawa.

Maigida ya sauko ya ɗora tsummansa. Alhaji ya ce, "Buɗe tankin in sansana." Ya zagayo ta gefena ya kama murfin. Na ga yana murɗawa da ƙyar, kamar ana riƙe da shi ta ciki. Da ya saki sai na ji fuuut, doguwa, kuma ba fitowa iskar ta yi ba, shiga ta yi. Har ƙarfen tankin ya yi ɓam a ƙarƙashina, kamar an saki gwangwanin da aka matse.

Na ce, "Baban Ummi, kullum haka take yi in ka buɗe?"

"Kullum. Zafi ne."

Ba zafi ba ne. Duk macen da ta taɓa huda gwangwanin madara ta san wannan. In ka huda rami ɗaya, sai ta ɗiga kaɗan ta tsaya, sai ka huda na biyu iska ta shiga sannan ta zubo. Gwangwanin da yake cike kuwa ya fi saurin tsayawa. Ramin da na toshe ba tsatsa ba ce. Hancin tankin ne.

Murfin yana hannun maigida, sabulun yana kallon ƙasa, ba wanda ya gani. Da na yi shiru, da na kankare shi a ɓoye ran Juma'a, mota ta warke, a ce tsumma ne ko addu'a. Amma Juma'a saura kwana uku, makulli kuwa yau za a karɓa. Alhaji ya sunkuya yana sansana bakin tanki, yana cewa shi kam kamar yana jin kananzir.

Na ce, "Alhaji, a gafarce ni. A juya murfin nan."

Maigida ya juya. Suka ga farin abu a manne.

"Mene ne wannan?"

"Sabulu ne. Ni na sa."

"Ke? Sabulu? A motata?"

Na faɗa musu duka, da tagar, da tarin Ummi, da Juma'o'in. Na kawo zancen madara ma a birkice, har Alhaji ya ce in sake daga farko. Maigida ko kallona bai yi ba, ya tsinke kara a gona ya zura a ramin, sabulun ya faɗo. Ya mayar da murfin, ya cire tsumman ya jefar a kwalbati. Daga nan har Azare motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Ni dai ina baya ina jin injin yana tafiya daidai, kuma ban taɓa jin ƙarar lafiya mai ciwo irin wannan ba.

A gindin darbejiyar Baba maigida ya kashe mota, ya zare makulli ya miƙa wa Alhaji, kamar yadda aka yi alkawari. Alhaji ya mayar da hannunsa cikin riga.

"Riƙe abinka, Direba. Na ce maka ɓarawo a zaurenka, iyalinka suna ji. Ka yafe ni." Sannan ya juyo wurina. "Ke kuma, 'yar Malam, an ce duk Katagum ba mai kunnenki. Ashe har hannu gare ki."

Aka ba Baba labari. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce a ba shi murfin. Ya ɗaga shi sama ya ƙanƙance ido, idon da a lokacin ko fuskata ba ya rarrabewa sosai, sannan ya miƙo mini.

"Hajara, kina ganin haske?"

"Ina gani, Baba. Cikakke."

"To. Laifina ne. Na koya miki inda ake sa sabulu, ban koya miki inda ba a sawa ba."

Labari ya riga mu komawa gida. Wata biyu masu babur suna wuce zaurena, masu zuwa kuma sukan ce, "A wanke, amma ban da sabulu." Har yau wasu Mai Sabulu suke ce mini, ina amsawa. Motar aka koma ajiye ta bayan rumbu, nesa da taga. Tarin Ummi bai tsaya ba sai da ruwa ya sauka, ya tafi da kansa. Yanzu tana aji ɗaya, tana gudu kamar barewa. Shin warin ne ya sa mata, ko hannuna, ko ba ko ɗaya, ban sani ba, kuma na tambaya ba wanda ya ba ni amsa ɗaya. In ƙanenta ya yi tari yau, sai in tsinci kaina ina sansana yatsuna.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan, mai mota ne ko bakanike ko mai koyo, guda ɗaya ne. In tsohuwar mota ta yi nisa ta fara tari, kafin ka sayi kwail, kafin ka ce man banza ne, kuma don Allah kafin ka kira wani ɓarawo, ka kashe inji, ka sa kunne, ka buɗe murfin tanki a hankali. In ka ji ta ja numfashi, juya murfin ka duba shi a rana. Sannan ka shiga gida ka tambaya, da murya mai taushi, ko akwai wanda ya taimaka maka bai faɗa ba.